Kaki, Rigar Lauya, da Ranar da Kotu Ta Ce wa Gwamna Ya Tashi

Duk Bahaushen da ya kwana biyu a Legas, in ka ce ya kawo maka sunan gwamnan soja guda ɗaya, Buba Marwa zai fara ambata. A majalisun Agege da Idi-Araba da Obalende har yau ana ba da labarinsa kamar jiya ya sauka: ya gyara tituna, ya matsa wa 'yan fashi, ya kawo keken da har gobe da sunansa ake kiran sa. Wanda Marwa ya gada kuwa, Kanar Olagunsoye Oyinlola, ba a cika tuna shi ba, in ma an tuna sai an haɗa da dariya, don shi ne gwamnan "babu kwalta". A ganina rayuwar wannan mutumin da ake yi wa dariya ta fi ta Marwa amfani gare mu, balle yanzu da wasu yaranmu, waɗanda ba su taɓa ganin mulkin soja da idonsu ba, suka fara cewa a dawo da shi.

Oyinlola ɗan sarauta ne. An haife shi a 1951 a Okuku, cikin jihar Osun ta yanzu, kuma mahaifinsa ne sarkin garin. Ya shiga soja a 1969 ana cikin yaƙin basasa, ya yi yawancin aikinsa a rundunar tankokin yaƙi, har ya je aikin kiyaye zaman lafiya a Somaliya. Da Janar Sani Abacha ya karɓi mulki a Nuwamban 1993, sai ya turo shi Legas a watan Disamba. Gaskiya ba a ba shi gari mai sauƙi ba. An soke zaɓen 12 ga Yuni, Legas kuma ita ce cibiyar fushin. A nan Epetedo Abiola ya ayyana kansa shugaban ƙasa a 1994, aka kama shi, ma'aikatan man fetur suka tafi yajin aiki, gari ya tsaya cik. A zamaninsa aka harbe dattijo Alfred Rewane a gidansa na Ikeja a 1995, a zamaninsa kuma aka harbe Kudirat Abiola, haifaffiyar Zariya, a cikin motarta a Yunin 1996. Amma abin da talakan Legas ya fi riƙewa shi ne ramukan titi. Hanyoyi sun mutu, direbobi na kuka, amsar da ake samu daga Alausa, hedikwatar gwamnatin jiha, ita ce babu kwalta, tun da matatar Kaduna ce ke yin ta kuma ba ta aiki yadda ya kamata. A watan Agustan 1996 aka canza shi da Marwa, ba a jima ba sai ga motocin kwalta a kan titi. Daga ina ta fito? Tambayar da mutane suka yi ta yi ke nan, ita ce kuma ta binne sunan Oyinlola a Legas.

A nan 'yan majalisar hira sukan tsaya, su ce ka gani, ai soja ma suna suka tara, in aka samu na kirki shi ke nan. Ni kuma a nan nake cewa a ƙara dubawa. Shekara biyu da wata takwas Oyinlola ya yi a Legas. A duk tsawon wannan lokacin, wa ke da ikon ce masa ya gyara ko ya tashi? Babu majalisar dokoki. Babu zaɓen da zai ji tsoro. Kotuna suna nan, amma dokokin soja sun ɗaure musu hannu, domin abu na farko da kowace gwamnatin soja ke yi shi ne jingine sassan tsarin mulki, sannan ta rubuta a dokokinta cewa kotu ba ta da hurumin sauraron ƙara a kansu. Mutum ɗaya ne a Abuja ke da ikon cire shi, kuma ya cire shi ranar da ya ga dama, ba ranar da direban Oshodi ya gaji ba. Marwan ma da muke yabo ba mu muka zaɓe shi ba. Hannun da ya ba mu Oyinlola shi ne ya ba mu Marwa, da ya ga dama kuma da ya ba mu wanda ya fi su duka muni. Gwamnan soja kamar damina yake: in ta yi kyau ka gode Allah, in ta ƙi ba ka da inda za ka kai ƙara.

Wanda yake shakkar haka ya tambayi mutanen Maroko, in ya same su. A Yulin 1990, zamanin Kanar Raji Rasaki, aka ba su wa'adin kwana bakwai, sannan aka turo motocin rusau. Mutane wajen 300,000 suka rasa matsuguni ana tsakiyar ruwan sama. Filin yau yana cikin mafi tsada a ƙasar nan, can wajen Oniru da Lekki. Shi ma Rasaki mai zafin nama ne, shi ma ba ya jan ƙafa. Zafin naman da ke zuba kwalta cikin wata guda shi ne ke rushe unguwa cikin mako guda, kuma mu da muke zaune a Ijora da Alaba Rago da bakin Mile 12, kowa ya san wane irin zafin naman ne ya fi kusa da mu.

Sai rabin rayuwarsa na biyu, wanda 'yan Legas ba su cika bi ba. Da Obasanjo ya hau mulki a 1999, ya yi wa hafsoshin da suka taɓa riƙe muƙamin siyasa ritaya, Oyinlola na cikinsu, yana Birgediya Janar. Maimakon ya koma Okuku ya zauna, sai ya tafi Ingila, Jami'ar Buckingham, ya karanta lauya yana dab da shekara hamsin. Wannan kam na yaba masa. Mutumin da ya saba a ƙame masa ya koma ajin da yara sa'o'in 'ya'yansa za su yi masa gardama, ba kowane janar zai iya ba. A 2003 ya tsaya takarar gwamnan Osun a PDP, ya kayar da Bisi Akande na AD, a guguwar da ta kwashe jihohin Yarabawa biyar ta bar Tinubu shi kaɗai a Legas. Ya yi wasu ayyuka, mafi shahara ita ce Jami'ar Jihar Osun mai rassa shida, ɗaya a Okuku, kamar yadda aka saba. Ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba: Mohammed Lawal a Kwara, Jonah Jang a Filato, Murtala Nyako a Adamawa, dukkansu sun yi gwamna da kaki sannan suka dawo suka yi da ƙuri'a. Shi Marwa ya nema a Adamawa, bai samu ba.

A Afrilun 2007 aka sake zaɓe, zaɓen da shi kansa Umaru 'Yar'aduwa, wanda ya ci moriyarsa, ya amsa a ranar rantsuwarsa cewa yana da aibi. Hukumar zaɓe ta ce Oyinlola ya ci. Abokin takararsa, Rauf Aregbesola na AC, ya tafi kotu. Wani abin dariya ma, Aregbesola shi ne kwamishinan ayyuka na Legas a zamanin Tinubu, wato mai kula da titunan da aka ce babu kwaltar gyara su. Kotun zaɓe ta farko ta ba Oyinlola gaskiya a 2008. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce a sake shari'ar. Kotun zaɓe ta biyu ta sake ba shi gaskiya a 2010. Aka sake ɗaukakawa. Ranar 26 ga Nuwamba, 2010, alƙalai biyar a Ibadan, ƙarƙashin Mai Shari'a Clara Ogunbiyi, 'yar asalin Borno, suka soke sakamakon ƙananan hukumomi 10 cikin 30, suka ce Aregbesola ne ya ci. Washegari aka rantsar da shi.

A wurina wannan ce rana mafi muhimmanci a rayuwar Oyinlola ta mulki, ta fi ranar da aka saka masa anini, ta fi ranar da ya karɓi digiri. Ga janar, wanda ya taɓa ba tankoki umarni, wanda ya mulki Legas a lokacin da ko jarida sai ta yi hattara da sunansa, jam'iyyarsa ce ke mulki a Abuja, 'yan sanda da sojoji duk suna hannun gwamnatin jam'iyyarsa. Mutum biyar da ba su da ko sanda suka karanta takarda, ya tattara kayansa ya bar gidan gwamnati. Kada wani ya ce ina mai da shi waliyyi. Mai yiwuwa da yana da wata hanya da ya bi. Amma ba shi da ita, kuma rashinta shi ne abin da nake yabo. Kwamishinan 'yan sanda ya san ga wanda zai sara wa gobe, ma'aikata sun san wanda zai sa hannu a albashi, banki ya san sa hannun da zai karɓa. Mutum ɗaya ne, halinsa ɗaya, a Legas da Osogbo, babban birnin Osun. Abin da ya canza shi ne a 1995 babu mai iya ce masa tashi sai Abacha, a 2010 kuwa akwai.

Na san abin da za a ce mini, kuma masu cewar ba su yi ƙarya ba. Wa'adin shekara huɗu ne, Oyinlola ya cinye uku da rabi kafin a ce ba nasa ba ne. Ya sa hannu a kasafin kuɗi, ya naɗa kwamishinoni, ya ba da kwangiloli, duk da kujerar da kotu ta ce ta wani ce, kuma ba a ce ya dawo da ko sisi ba. Haka aka yi a Edo a 2008, a Ondo a 2009, a Ekiti a 2010, shi ya sa har yau waɗannan jihohi ba sa zaɓen gwamna tare da sauran ƙasa. Shari'ar Osun ɗin ma ba ta fita da tsabta ba: shugaban kotun zaɓe ta farko, Mai Shari'a Thomas Naron, Majalisar Shari'a ta Ƙasa ta sa aka yi masa ritayar dole a 2013 saboda hulɗar waya da lauyan ɓangaren Oyinlola ana cikin shari'a. Wanda ya karanta lauya ya fi kowa sanin nauyin wannan.

An ɗan gyara. Tun daga gyaran tsarin mulki na 2010, kotun zaɓe kwana 180 take da su, ɗaukaka ƙara kwana 60, shari'ar gwamna kuma tana kaiwa har Kotun Ƙoli. Amma babbar shawarar kwamitin gyaran zaɓe na Mai Shari'a Muhammadu Uwais, wadda ta ce a gama duk shari'ar zaɓe kafin a rantsar da kowa, har yau tana cikin kabad. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda aka rantsar yana kare kujerarsa da baitulmalin jiha, abokin hamayyarsa kuma yana sayar da gidaje yana biyan lauyoyi, kuma waɗanda za su gyara dokar su ne waɗanda aka riga aka rantsar. Ga kuma hukunce-hukuncen da suka sa mutane riƙe baki. A Imo a 2020 Kotun Ƙoli ta ba da kujerar gwamna ga wanda hukumar zaɓe ta ce ya zo na huɗu. A Kano kotuna biyu suka ce Abba Kabir Yusuf ya sauka, ta uku a Janairun 2024 ta ce ya zauna, gari ya yi wata huɗu yana kwana da ido ɗaya. Wanda ya ga wannan ya ce ya gaji da alƙalai, ban ga laifinsa ba. Inda muka rabu shi ne maganin da yake kawowa. Alƙalin da ya karkace ana iya ɗaukaka ƙara a kansa, ana iya yi masa ritaya kamar Naron, ana iya zagin hukuncinsa a rediyo da safe a koma gida lafiya da yamma. A zamanin dokar soja ta 2 ta 1984, sa hannun hafsa ɗaya ya isa a tsare mutum ba tare da an kai shi gaban kowane alƙali ba, mai kyau ko mara kyau.

Kada kuma a ɗauka ina cewa a bar soja a nemi lauya. Rigar lauya ba ta fi kaki tsarki ba. Wanda kotu ta cire a Edo, Oserheimen Osunbor, farfesan shari'a ne. Babatunde Fashola babban lauya ne mai lambar SAN, kuma ba mai musun ya yi aiki a Legas, amma a hannunsa aka yi dokar hanya ta 2012 da ta hana acaɓa a tituna 475, dubban 'yan Arewa suka wayi gari sana'arsu ta zama laifi. Lauya in ya tashi matsa maka ba ya buƙatar bulala, sai ya rubuta doka ya kai majalisa ta buga hatimi. A Fabrairun 2020 gwamnatin Sanwo-Olu ta faɗaɗa hanin, ta haɗa har da keken Marwa a wasu yankuna, a Yunin 2022 aka ƙara tsanantawa, muka ga ana niƙe baburan da aka kama. Otodo Gbame kuwa, ƙauyen masunta a bakin ruwan Lekki, a mulkin farar hula aka rushe shi tsakanin 2016 da 2017, alhali akwai umarnin babbar kotun jiha cewa a dakata. Daga baya kotun ta ce korar ta saɓa wa tsarin mulki, amma gidajen sun riga sun tafi. Wato a Legas ɗin nan an ga gwamnan farar hula ya yi abin da Rasaki ya yi.

A wannan Legas ɗin kuma aka ga akasin haka. A ƙarshen 1985, a farkon mulkin Babangida, gwamnatin sojan Legas ta fitar da Ojukwu daga wani gida a Ikoyi da ƙarfin bindiga alhali magana tana gaban kotu. Da gwamnatin ta je Kotun Ƙoli neman sauƙi, a 1986 alƙalai irin su Kayode Eso suka ƙi ba ta abin da ta nema, suka ce wanda ya take umarnin kotu ba zai zo yana roƙon alfarmarta ba. Ɗaliban lauya har yau suna karanta wannan shari'a. Sai dai a lura da mai ƙarar: Ojukwu ne, mai suna, mai kuɗi, mai manyan lauyoyi. Mutanen Maroko bayan shekara huɗu ba su samu wannan gatan ba.

Ragowar tarihin Oyinlola na 'yan siyasarmu ne sak, ba sai an daɗe a kai ba. Ya zama sakataren PDP na ƙasa a 2012, kotu ta sake cire shi a 2013, ya bi su Kawu Baraje da Kwankwaso da Wamakko zuwa sabuwar PDP, a 2014 ya shiga APC ya tallafa wa Aregbesolan da ya kayar da shi, Buhari ya ba shi shugabancin hukumar gudanarwar NIMC mai katin ɗan ƙasa, ya ajiye a 2018 ya bi tafiyar Obasanjo, daga baya ya koma PDP. Magoya bayan da suka fasa wa juna kai a Osogbo a 2007, Allah ya ba su lada.

Abin da ya fi damuna shi ne sha'awar kakin ba ta tsaya ga yaran da suka ɗaga tutar Rasha a Kano lokacin zanga-zangar Agustan 2024 ba, ko masu tafa wa sojojin Nijar a Facebook tun juyin mulkin 2023. Manyan ma suna da ita. Duk lokacin da shugaban ƙasa na farar hula ya dakatar da zaɓaɓɓen gwamna, tsohon soja yake nemowa: Obasanjo ya kai Janar Chris Alli Filato a 2004, ya kai Janar Tunji Olurin Ekiti a 2006, Tinubu, wanda ya yi gudun hijira saboda Abacha, ya kai tsohon hafsan sojan ruwa Ibok-Ete Ibas jihar Ribas a Maris na 2025. Kamar dai a zuciyarmu duka mun yarda cewa in abu ya rikice, a kira mai ba da umarnin da ba a tambaya.

Mu 'yan Arewan Legas mu ne ya kamata mu fi kowa tsoron wannan tunani. Ba mu da gwamna a nan, da wuya ka ga namu a majalisar Alausa, kuma duk wanda ya zo da niyyar "tsaftace gari" daga kanmu yake farawa. Amma dubi yadda muke yi. In an ba kasuwa wa'adin tashi, sai a haɗa tawaga, a sa manyan riguna, a bi Sarkin Hausawa a je kamun ƙafa. Ba na raina wannan, sarakunanmu sun kashe wuta da yawa, tun rikicin Ketu na 1999 da na Idi-Araba na 2002 har zuwa na Mile 12 a 2016. Sai dai kamun ƙafa alfarma ce, mai ba da ita yana iya janyewa gobe. Ƙungiyoyin 'yan tumatir da 'yan shanu na Oko-Oba da 'yan acaɓa da direbobin tirela na Apapa suna karɓar kuɗin tikiti kullum rana ta Allah. Nawa ne daga cikinsu ke da lauya na dindindin da ake biya duk wata, wanda ya san takardun filin kasuwar, wanda zai isa kotu kafin motar rusau ta iso? Nawa ne daga cikinmu katin zaɓensu na Legas ne? Da yawanmu mun shekara ashirin a Agege amma rumfar zaɓenmu tana Kazaure ko Illela, in zaɓe ya matso ma sai a cika motoci a tafi gida. Ɗan siyasar da ya san ba ka iya cire shi da ƙuri'a, ba ka kuma iya tsayar da shi da takardar kotu, don me zai saurare ka?

A ƙarshen Agustan 2019 jami'an gwamnatin Legas suka tare wata babbar mota da ta taso daga Jigawa, ɗauke da mutum 123 da babura 48, suka tsare su, aka yaɗa hotunansu kamar an kama wata runduna. Aka bincika ba a samu komai ba, aka sake su. Abin da ya biyo baya shi ne ya bambanta da yadda muka saba: an shigar da ƙara a babbar kotun tarayya, ana neman diyya a kan tsare ɗan ƙasa don kawai ya shigo wata jiha neman abinci, alhali sashe na 41 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zuwa da zama a duk inda ya so a ƙasar. Da a 1995 ne, irin wannan sashen yana ƙarƙashin dokar soja, kuma da wuya a samu magatakardan kotun da zai karɓi takardar.